Idon da Ya Rage wa Mang Teryo

Duk wanda ya taɓa cin taliya mai romo a rumfar Aling Pacing, daf da ƙofar masana'antar sukari ta garinmu a Batangas, ya ga wani takunkumin ƙarfe na kare fuska rataye a saman ƙofa, sandarsa ɗaya ta lotsa ciki. Ya kuma ga tsohon da ke zaune ƙarƙashinsa yana ɓare tafarnuwa da wasu yatsu kamar citta, kowanne ya kama gabansa. Shi ne mijinta, Eleuterio Malabanan, amma rabon da a kira shi haka tun ranar da Fada, limamin coci, ya ɗaura musu aure. Kowa Mang Teryo yake cewa, kamar a ce Baba Teryo.

Shekara goma sha tara ya yi yana tare wa ƙungiyar besbol ta masana'anta ƙwallo. Litinin zuwa Asabar yana gaban tukunyar dafa ruwan rake, ran Lahadi in an fito daga coci yana tsugunne a bayan mai bugu, fuskarsa cikin ƙarfe. Aikin mai tara ba cafka ce kawai ba, shi ke zaɓar abin da za a jefo masa. Yakan sauke hannu tsakanin cinyoyinsa inda mai bugu ba ya gani. Yatsa ɗaya, a jefo miƙaƙƙiya da ƙarfi. Yatsa biyu, a jefo mai lanƙwasa, wadda ke faɗowa ƙasa daf da isowarta. Mai jifa ya hango daga kan ɗan tudun da yake tsayawa a tsakiyar fili, ya gyaɗa kai, ya jefo abin da aka ce. Ƙwallon nan kuwa dutse ce da aka ɗinke da fata. In ka kai safar hannunka ta cafka ƙasa kana jiran mai lanƙwasa aka jefo miƙaƙƙiya, fuskarka ce za ta tare ta.

Teryo ya san haka fiye da kowa, don wanda ya koya masa aikin, Mang Doroy, haka ya ƙare. Ƙwallo ta ɓalle masa sandar takunkumi, ƙarfen ya shiga ido, ciwon ya haye ɗayan. Duk lokacin da Teryo ya je gaishe shi da rana sai ya tarar da 'yarsa tana tsince masa ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora masa naman a tafin hannu, shi kuma yana jira bakinsa a ɗan buɗe. Ba makantar ce ke tsaya wa Teryo a rai ba kamar wannan jiran.

Sai ga shi a shekarar 1971 ruwan farar ƙasa ya fantsar masa a idon dama a wurin aiki. Idon bai canza kama ba, in ka dube shi garau yake, amma ta ciki hayaƙi kawai yake gani. Da Manaja ya sani, da ya raba shi da tukunya da fili da gidan ma'aikata gaba ɗaya. Manaja bai sani ba. 'Yan ƙungiya duka sun sani, har koci Ka Ambo, wanda ya maida kansa kurma a kan maganar. Shekara uku suna rufa masa asiri ba tare da sun taɓa zama sun shirya hakan ba. In ƙwallo ta tashi sama ta wajen damansa, wani ne zai yi ihu, "Tawa ce!" ya rugo ya cafe. Mai jifansu kuwa, Pilo Dimayuga, ba shi da wani ƙarfin hannu na a zo a gani, amma in Teryo ya nuna biyu, biyun za ta zo, ko da sama za ta faɗo.

Matsalar ita ce ba sa cin kofi. Shekara huɗu a jere ƙungiyar garin da ke hayin tafki tana lallasa su ranar bikin waliyyin garinmu, a gaban mata da surukai. Manaja ya ce ya gaji da ƙungiyar da ta iya zumunci ba ta iya nasara ba. Ya aika lardin Cavite aka ɗauko wani dogon saurayi, Gaudencio, da ake ce wa Densyo, aka ba shi aikin jeka-na-yi-ka a sito, aka zaunar da Pilo a benci.

Ranar farko da aka gama atisaye, aka shimfiɗa ganyen ayaba a gindin tsamiya kamar kullum, aka juye shinkafa da tumatir da kifin tulingan da Aling Pacing ta dafa a tukunyar ƙasa. Kowa ya sa hannu. Densyo na tsaye nesa yana kwance igiyar takalmi. Lauro, ƙanen Pilo, wanda ke tsaron fili a bayan mai jifa, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Kai, baƙo, zo mu ci."

"Na gode, na ƙoshi," in ji Densyo.

To, a nan ne suka yi abin kunyar da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ba wanda bai san cewa a wajenmu ɗan gidan mutunci ba ya amsa kiran farko ba. Za ka kira shi ya ce ya ƙoshi, ka sake ya ce ku ci kawai, a na uku ka kama hannun rigarsa ka zaunar da shi. Dukansu sun sani, uwayensu sun koya musu. Amma Pilo na zaune a wurin kansa a sunkuye, sai kowa ya ci gaba da cin shinkafarsa. Densyo ya gama kwance takalmin, ya sake ɗaurewa, ya tafi. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka cewa ɗan Cavite ba ya cin abinci da talakawa.

Hannunsa kuwa, kai! Teryo bai taɓa tare irinsa ba. Ƙwallon na shigowa safar da ƙara kamar an fasa kwakwa. A wasan farko Teryo ya nuna biyu, Densyo ya gyaɗa kai, sai miƙaƙƙiya ta zo ta dake shi a ƙashin wuya har numfashinsa ya ɗauke. Ya ce kuskure ne. Bayan jifa shida ya nuna ɗaya, mai lanƙwasa ta zo ta sare shi a ƙauri. Da aka tashi ya tare yaron.

"Biyu na nuna maka ɗazu."

"Na sani, Mang Teryo."

"To me ya sa ka jefo ɗaya?"

Densyo ya kau da kai yana kallon gonar rake. "Hannuna ne ya zaɓa. An fitar da mai bugun ko ba a fitar ba?"

An fitar da shi. Abin da ya rufe wa kowa baki ke nan. Wasa biyar suka ci a jere. Manaja har dawowa ya yi yana zama a layin gaba da hular malfa. Ka Ambo ya ce, "Halinsa na banza ne, amma ba hali ake rubutawa a allo ba. Ka yi haƙuri, Teryo, ka riƙa tsugunnawa a shirye da duka biyun."

A shirye da duka biyun! Mai ido biyu ma da kyar zai iya. Mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu sai ya iso. Duk shekarun nan ba da ido Teryo ke cafka ba, da sani yake cafka. Yanzu an ƙwace sanin.

Tsoro ya shige shi, irin wanda ba ya fita da zufa. Tun ranar Laraba yake fara fargabar Lahadi. Yana gaban tukunya sai ya ji tsuntsu ya wuce ta hagunsa, ya zabura ya kare fuska, yara masu aiki su yi dariya. Ya fara kallon abubuwa yana daɗewa a kansu: tsagar da ke bangon ɗaki, kunnen 'yarsa, kalar hayaƙin masana'anta da safe. Wata rana da hantsi Aling Pacing ta shigo ɗaukar gishiri ta tarar da shi idanu a rufe, hannu a gaba, yana lalube daga gado zuwa ƙofa, leɓɓansa na motsi.

"Me kake ƙirgawa?"

"Ba komai."

"Taku kake ƙirgawa. Teryo, ni za ka yi wa ƙarya? Ka je ka gaya wa Ka Ambo ka daina."

"In ce saboda me? Manaja zai tambaya. Kuma wa zai tare wa yaron nan ƙwallo? Ɗan Isko da yanzu yake koyo? Ranar farko za a kwashe shi a tabarma."

"To gaya wa yaron gaskiya."

"Wanda ke shan kofi a gidan Manaja? Gobe da safe muna waje da tukwanenki."

Ta tsaya da gishirin a hannu. "Ni yaron nan ya ɗaure min kai. In ina hayin titi na ɗaga masa hannu, sai ya wuce kamar ni turke ce. Amma in ya zo gabana sai ya cire hula, Aling Pacing kaza, Aling Pacing kaza, har kunya yake ba ni."

"Munafunci," in ji Teryo. Bai sake bi ta kan maganar ba.

Ranar biki ta zo da rana mai zafi. An gama zagaye gari da gunkin waliyyi, jama'a suka kwararo fili, wasu a kan motocin rake, wasu a kan bishiyoyi. Masu kakaki da ganga na bayan raga suna ta busa. Teryo ya ɗaure takunkuminsa. Ya hango Mang Doroy a gefe, 'yarsa na riƙe masa laima tana gaya masa abin da ke faruwa. Da ma bai duba wajen ba.

Cikin zagaye tara na wasan uku suka wuce, sau biyu Densyo ya saɓa masa, sau biyu Allah ya kiyaye. A zagaye na huɗu, muna da biyu suna da ɗaya, Teryo ya nuna biyu. Densyo ya gyaɗa kai. Teryo ya kai safarsa ƙasa.

Bai ga ƙwallon ba. Ƙara kawai ya ji, kamar an buga ƙararrawar coci a cikin kansa, sai ga shi kwance a bayansa ƙura a baki. Duhu. Ya ce a ransa shi ke nan, ta faru. Ya ji fitsari na neman kufce masa. Sannan duhun ya fara yin ja, jan ya yi fari, ya ga fuskar alƙalin wasa a kansa. Ya ƙifta, gashin idonsa na hagu ya shafi ƙarfe. Sandar takunkumin ta lotso ciki, tsakaninta da ƙwayar idon bai kai faɗin farce ba.

Ya tashi, ya ture masu riƙe shi, ya nufi tudu. Ba shi da niyyar magana, niyyarsa ya fasa wa yaron baki a gaban Manaja, abin da zai faru ya faru. Ya kai rabin hanya ya ɗaga yatsu biyu sama yana ihu.

"Kai ɗan iska! Wannan nawa ne? Nawa ne wannan?"

Densyo ya tsuke ido. Ya miƙo wuya gaba kaɗan. Ya ce a hankali, kamar ɗalibin da ke canka amsa, "Ɗaya?"

Teryo ya tsaya cak. Ya dubi yatsunsa. Ya tuna matarsa a hayin titi tana ɗaga hannu. Ya ƙarasa tudun.

"Tun yaushe?"

Yaron ya rufe baki da safarsa. "Shekara biyu. Ina ganin safarka saboda babba ce. Yatsu ba na gani. Canka nake yi, Mang Teryo. In na sa gilashi Manaja zai maida ni gida, wa ke ɗaukar mai jifa da gilashi? Don Allah kada ka faɗa."

Wata dariya marar daɗi ta taso wa Teryo. Wata biyu ke nan makaho na jifan mai ido ɗaya da dutse, jama'a na tafi.

"Dubi idona na dama," in ji shi. "Ba komai a cikinsa. Na hagun nan da ka kusa fasawa, shi ke nan gare ni."

Jini ya bar fuskar Densyo. Ƙwallon ta faɗi daga hannunsa. "Ba zan sake jifa ba. Yesu! Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ɗauki ƙwallonka, ana kallonmu." Teryo ya juya ya yafito Lauro.

Lauro ya zo yana taku ɗai-ɗai, yana tofar da yawu. Daga inda yake tsaro yana hango yatsun Teryo sarai, kuma yana da wani fito da yake kiran ɓaunarsa da shi daga hayin rafi, wanda ko kakaki ba ya danne shi. Teryo ya gaya masa komai a gurguje. Fito ɗaya dogo, miƙaƙƙiya. Biyu gajeru, mai lanƙwasa.

"Ni?" in ji Lauro. "Ni zan zama idon wanda ya zaunar da yayana a benci? Ka kira Manaja ya yi masa fiton mana, ai abokin shan kofinsa ne."

"Ba don shi ba."

Lauro ya dubi takunkumin da ya lotse. Ya sa yatsa ya taɓa sandar. Ya koma wurinsa.

Teryo ya ari takunkumin abokan hamayya, don namu ɗaya ne tal, ya tsugunna. Yanzu idonsa yana bakin mutum biyu da ba sa ga maciji. Ya nuna ɗaya. Shiru. Lauro na gyara hula. Sai fiton ya zo, dogo, siriri, ya ratsa gangunan. Miƙaƙƙiya ta shigo tsakiyar safa.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Kowane jifa sai ya dawo sabo. In Lauro ya waiga ya duba mai gudu fa? In leɓɓansa suka bushe? In wani ɗan kallo ya kwaikwayi fiton don neman dariya? Haka suka yi zagaye huɗu, fito da jifa, fito da jifa, Densyo na fitar da mutane kamar ana sare rake.

Amma mutanen hayin tafki ba wawaye ba ne. A zagaye na takwas suka gano. Teryo ya sa aka juya fiton, jifa biyu kawai suka sake ganowa, don abin biyu ne kacal, ba inda za a ɓoye. A zagaye na ƙarshe har yanzu muna gaba da ci ɗaya, an fitar musu da mutum biyu, saura ɗaya, amma suna da masu gudu biyu a fili, waɗanda bugu ɗaya mai kyau zai maida kowannensu ci. Babban mai bugunsu ya shigo, wani ƙato mai sayar da nama, ya dubi Lauro yana murmushi.

"Busa min, ɗan tsuntsu. Ina jinka."

Ka Ambo ya fito daga benci yana ɗaga hannuwa. Shi bai san dalilin fiton ba. "Lauro! Rufe bakin nan! Gaya musu kake yi! Ka bar yaron ya jefa abin da ya ga dama!" Manaja ma ya miƙe tsaye yana kaɗa malfarsa. Jama'a suka ɗauka, "Yi shiru! Yi shiru!"

Ba wanda ya kai Lauro son cin wasan nan a duk garin. Shekara huɗu surukinsa na hayin tafki yana yi masa ba'a. In ya yi shiru, ƙaton ba zai san abin da ke zuwa ba, kuma da wuya ya taɓa ƙwallon Densyo. Teryo ma ba zai sani ba. Jifa uku ne kawai, wataƙila a canka daidai. Teryo ya san lissafin da ke kan Lauro, don shi ma ya yi shi. Ya sauke yatsa ɗaya. Ya ji kansa yana cewa a zuci, Uwa Maryamu, ko da ɗaya ne ki bar min.

Lauro ya lashi leɓɓansa, ya yi fito. Dogo, a fili, kowa ya ji.

Densyo ya jefa abin da aka ce. Ƙaton na jiranta. Ƙwallon ta tashi ta haye kan kowa ta faɗa cikin rake, yara suka bi ta a guje, ci uku ke nan a bugu ɗaya. Mu kuma da muka zo bugunmu na ƙarshe ba mu taɓuka komai ba. Huɗu da biyu aka tashi, shekara ta biyar.

Manaja ya shiga motarsa ya tafi. Wani ya jefi Lauro da ɓawon ayaba, wani ya ce an saye shi ne, kuma akwai masu faɗin haka har yau, don ba wanda ya fito ya yi bayani. Ka Ambo ya zage shi tas, Lauro ya tsaya kansa a ƙasa yana ji.

Duk da haka aka shimfiɗa ganye a gindin tsamiya, tunda an riga an dafa. Aka zauna. Densyo na can nesa da igiyar takalminsa.

"Kai, ɗan Cavite," in ji Lauro. "Zo mu ci."

"Na gode, Yaya, na ƙoshi."

"Zo mu ci, na ce."

"Ku ci kawai."

Pilo ne ya tashi, shi da bai taɓa yi wa yaron magana ba. Tun a hanya Lauro ya raɗa masa sirrin idon yaron. Pilo ya je ya kama hannun rigar Densyo ya jawo shi, ya zaunar da shi kusa da Teryo. Yaron ya ci kamar wanda ya yi wata biyu yana jin ƙamshin abincin nan daga nesa.

A ƙarshen kakar Teryo ya ajiye safa, ya ce wa Manaja gwiwa ce. Densyo ya koma Cavite, an ce ya sa gilashi ya zama direba. In samari suka tambayi Mang Teryo a rumfa ko haɗin kai na cin wasa, yakan ce shi dai nasu ya taɓa kayar da su ranar biki, ya ci gaba da ɓare tafarnuwarsa.

Amma mu koma wannan yammacin, a gindin tsamiya. Goshin Teryo ya kumbura. Aling Pacing ta tsugunna a gefensa, ta jawo kifin gabanta za ta gyara masa.

"Bari," in ji shi.

Ya ɗago kifin wajen haske, ya karkata kai ta hagu, ya zaro ƙayar da kansa, siririya kamar gashi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ajiye a bakin ganye.